Katakon Mutum Biyu

Yau da safe takalmina na ƙafar hagu ya tafi gari ya bar ni. Ina tsakiyar katakon da gwamnati ta shimfiɗa mana a kan kwarin unguwarmu, goye da Umma zan kai ta asibiti a duba mata gwiwa, sai ta ga duk duniya babu wurin da ya fi nan dacewa da yi mini faɗa. Ta kama kunnena ta murɗa. Na karkata, katako ya karkata, takalmi ya ce shi kam ba da shi ba, ya faɗa ruwa. Ina kallo ya kama hanyar gari, inda duk wani abin kirki na unguwar nan yake ƙarewa.

Na ce, "Umma, a bari mu tsallaka mana."

Ta ce, "A nan zan faɗa maka, don nan ne kaɗai ba ka da wajen gudu."

Gaskiyarta. Ni dai tun ina ƙarami ba a san ni da zama wuri ɗaya ba. Na gudu daga makaranta ina aji biyu na sakandare, na gudu daga shagon mai gyaran rediyo, na yi fenti wata huɗu, na yi kwandastan bas sati uku. Amma daga kan katako mai faɗin tafin ƙafa, da uwa a bayanka, ko zomo ne kai sai ka tsaya ka saurara.

Kafin in gaya muku abin da ta ce, bari in gaya muku yadda aka yi muka samu katakon, tunda da hannuna a ciki har gwiwar hannu.

Unguwarmu tana bayan gari, daidai inda kwalta ta gaji ta tsaya. Tsakaninmu da titi akwai kwari mai zurfin tsayin mutum biyu. Da rani a gangara a hau, da damina a yi addu'a. Duk abin da ɗan Adam ke bukata yana ƙetare: asibiti, kasuwa, tashar bas, da makarantar firamaren da ake ajiye akwatin zaɓe. Umma tana da ciwon gwiwa, likita na son ganinta duk sati biyu, kuma shekara uku ke nan ni ne gadarta. Ba ta da wani buri a siyasa da ya wuce kwalbati, wanda za ta taka da sandarta ta je asibiti ba tare da ta hau bayan ɗanta kamar buhu ba.

Siyasa kuwa, in ana neman inda take da zafi, a zo wajenmu. Jam'iyya biyu gare mu, 'yan Tsani da 'yan Bokiti. 'Yan Tsani sun ce za su ɗaga mu sama, 'yan Bokiti sun ce za su kawo mana ruwa, kuma dukansu sun rantse cewa kwalbatinmu ne aikinsu na farko. A shagon mai aski ake zaman 'yan Bokiti, a gindin bishiyar mai faci ake na 'yan Tsani, tsakaninsu taku goma sha biyu, don kada wani ya yi zagi ya tafi a banza ba a ji ba. Akwai gidan da miji da mata suka yi wata guda ba sa kallon labarai tare. Akwai wanda ya bar gashinsa ya yi tsawo kamar na mahaukaci don kada ya zauna a kujerar ɗan Bokiti. Idan ka ji mu daga nesa sai ka rantse a nan ake naɗa shugaban duniya.

Saura sati biyu zaɓe ina zaune a kujerar mai aski. Ni ɗan Tsani ne, amma aski a wajena ba shi da jam'iyya. Ya gama rabin kaina sai ya fara.

"Kai yaro, wallahi ranar zaɓe sai mun ɗebe ku a bokiti mun watsar."

"Baba, da wace ƙafar? Kai da in ka gangara kwarin nan sai an turo ka daga baya?"

"Zan je. Ko da rarrafe."

"To ka je. Ka gangara kwari, ka yi tafiyar rabin awa, ka tsaya a layi rana ta gasa maka ƙeya, ka dangwala wa Bokiti. Ni ma in bi bayanka in dangwala wa Tsani. Taka ɗaya, tawa ɗaya. A ɗebe ɗaya daga ɗaya, saura nawa?"

Ya tsayar da injin askin. Ya dube ni ta madubi.

"Babu."

"To me ya sa za mu sha wahala mu samo babu, bayan ga ta nan a gida kyauta? Ka zauna, in zauna. Ka soke ni, na soke ka."

Mai aski ya ajiye injin, ya miƙo mini hannu, ya ce, "Ashe da kai a cikin kan nan, ba gashi kaɗai ba." Daga ranar aka fara kirana Farfesa. Ni kuwa har tafiyata ta canza. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ba a gaya mini cewa yana da daɗin sawa a wuya ba.

Kafin kwana uku maganar ta zagaye unguwa. Aka sa mata suna sokewa. Kowa ya shiga neman abokin sokewarsa kamar ana neman abokin hawa babur. Mai faci ya soke da direban da ke gidan kusurwa. Miji da matar nan da ba sa kallon labarai tare suka soke juna, zaman lafiya ya dawo gidan. Malamin makaranta mai ritaya, wanda kullum yake cewa jam'iyyun biyu duk ɓarayi ne, ya zo ya ce shi ya soke kansa da kansa, na ce ya halatta. Da muka zo ƙarshe sai aka ga 'yan Tsani sun fi yawa da mutum shida, babu wanda zai soke su. Nan take uku daga cikinsu suka sauya sheƙa zuwa Bokiti don kawai lissafi ya daidaita. Ban taɓa ganin sadaukarwa irin wannan a siyasa ba.

Mutum biyu ne kaɗai suka ba ni matsala: Umma da maƙwabciyarmu, Gwaggo mai ɗinki. Umma 'yar Tsani ce tun kafin a haife ni, Gwaggo kuwa har zanen Bokiti take ɗaurawa. Shekara ashirin suna faɗa ta saman katanga, suna miƙa wa juna gishiri ta ƙasan ƙofa. Na ce waɗannan ai Allah ne ya haɗa su don sokewa. Na zaunar da su a tsakar gida na yi musu bayani dalla-dalla, har da zane a ƙasa.

Gwaggo ta ce, "Wato in zauna a gida, in yarda cewa uwarka ma za ta zauna?"

"Haka ne, Gwaggo."

"Wannan? Matar da ta ce mini ba ta ga kazata ba, alhali ga gashin kazar a bakin ƙofarta?"

Umma ta ce, "Kyanwa ce ta ci, na gaya miki sau ɗari. Kuma ni da in yarda da ɗan Bokiti gara in yarda da kyanwar."

Na ce to shi ke nan, mutum biyu ba za su ɓata mini tsari ba.

Ranar zaɓe ta zo. Ban taɓa ganin unguwarmu cikin haɗin kai irin na ranar ba, domin kowa yana gadin abokin sokewarsa kada ya sulale. Ɗan Tsani da ɗan Bokiti a benci ɗaya, gwiwa na taɓa gwiwa. In ɗaya ya tashi zai zaga bayi, ɗayan ya bi shi ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa, "Yi tari in ji kana nan." Mai faci ya sace iskar tayar direba, wai don kada shaiɗan ya raya masa wani abu. Aka baje karta da dara. Wasu har suna cewa ashe haka zaɓe yake da daɗi in ba a yi shi ba.

Ƙarfe bakwai Umma ta fito da sandarta da katinta ƙulle a bakin mayafi, ta ce, "Durƙusa." Na durƙusa. Na gangara da ita kwari na hau da ita. Ina ajiye ta sai na ji Gwaggo daga can ƙetare tana ƙwala kira.

"Kai ɗan nan! Wato 'yan Tsani kaɗai kake ɗauka? Maguɗi tun daga kwari?"

Na koma na ɗauko ta ita ma. Duk wannan zirga-zirgar mai aski yana biye da ni yana haki, don ya ga na nufi wajen akwati. Ya gangara, ya hau, ya yi tafiyar rabin awa, duk wahalar da na ce zan raba shi da ita sai da ya sha ta. Muka isa ƙofar makarantar. Babu layi, babu kowa, ma'aikatan zaɓe suna zaune suna korar ƙuda. Ɗaya daga cikinsu ya hango mu ya miƙe da murna kamar ya ga 'yan uwansa.

"Bismillah, ku shigo mana!"

Na dubi mai aski, ya dube ni. Katina yana aljihuna, nasa yana hularsa. Taku biyar ne tsakaninmu da akwatin.

Ya ce, "Farfesa, alkawari kaya ne."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Muka tsaya a rana, mu biyu, muna gadin juna, har tsofaffin suka gama suka fito suna nuna wa juna yatsa mai tawada kamar za su tsokale wa juna ido.

Wanda ya ci kujerar yankinmu wani bawan Allah ne da muke kira Mai Girma Za-a-duba, saboda ko gaisuwa ka yi masa abin da zai ce maka ke nan. A Tsani ya ci, bayan wata ɗaya ya koma Bokiti, don haka har yau Umma da Gwaggo kowacce na cewa ita ta yi nasara. Da damina ta matso, unguwa ta tashe mu, ni da mai aski da mai faci, mu je mu tuna masa da kwalbati. Sau uku muna zuwa. Farko aka ce yana taro, na biyu aka ce ya tafi duba yadda ake taro a wata ƙasa. A na uku aka haɗa mu da akawunsa, wani siririn mutum mai tabarau a ƙarshen hanci, zaune a ƙarƙashin hoton Mai Girma wanda ya fi tagar ofishin girma.

Mai faci ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ne mutanen bayan kwari. Ba a kai mu son Mai Girma ba. Har muryata ta dishe a kansa."

Akawu ya ce, "Madalla da murya." Ya lashi yatsa, ya buɗe fayil, ya bi layi da biro. "Bayan kwari. Masu rajista ɗari shida da arba'in. Waɗanda suka fito, biyu."

Na ga dama ta samu. Na matso na ce, "Yallaɓai, ai tsari ne. Sauran duk sun soke juna. Ko da mun fito gaba ɗaya, sakamakon ba zai canza ba."

Ya sauke tabaraunsa ya dube ni kamar ya ga akuya ta yi sallama.

"Samari, waye ya gaya maka Mai Girma ya damu da wanda kuka zaɓa? Shi kansa bai tsaya a inda aka zaɓe shi ba. Mu nan ba ma ƙirga hayaniya, kawuna muke ƙirgawa. Unguwar da ta fito da kai dubu, ko zaginmu suka dangwala, dole mu lallaɓa su, don gobe za su sake fitowa. Ku kuwa a takarda mutum biyu ne. Ka taɓa ganin inda aka yi wa mutum biyu kwalbati?"

Mai aski ya ce, "To ina kwalbatin namu ya tafi?"

"An kai wa unguwar bayan gidan mai. Sun fito su ɗari tara."

"Ai su ba su da kwari!"

"Za a duba," in ji akawu. Ashe ciwon yana yaɗuwa.

Muka fito. Sai da muka kai bakin titi mai faci ya ce, "Farfesa, in na sake jin ka ce a ɗebe wani abu daga wani abu, da ƙarfen tayar nan zan ɗebe maka haƙora." Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Amma kada a ce ban faɗi alheri ba. Gwamnati ba ta manta da mutanenta biyu ba. Bayan sati shida muka wayi gari da rumfuna uku a ƙetaren kwari, da kujeru ɗari biyu, da lasifika, da motoci goma sha ɗaya masu baƙin gilashi. Mai Girma Za-a-duba da kansa ya zo ƙaddamar da abin da mai gabatarwa ya kira Babban Aikin Haɗa Al'umma, Kashi na Farko. Aka yaye ƙyalle sai ga katako. Guda ɗaya. An dai shafa masa fenti, ba zan yi ƙarya ba. Zaren da aka yanka ya fi shi tsawo. An yi jawabi huɗu, a ciki har da na injiniyan da ya ce an yi wata biyu ana nazarin ta wane gefe za a kwantar da shi. Mai Girma ya ɗora ƙafa ɗaya a kai aka ɗauki hoto, ya janye ta da sauri, ya koma mota. Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, da ya ɗora ta biyun da yanzu muna zaɓen cike gurbi.

Suka tafi suka bar mana allon sanarwa, na katako mai kauri, faɗinsa ya kai ƙofar gareji, ɗauke da hoton Mai Girma yana murmushi. A ƙasa an rubuta: Mutum biyu kacal a lokaci guda. Mai faci ya ba da shawarar a kwantar da allon a kan kwari, a miƙar da katakon a matsayin sanarwa. Kowa ya yarda cewa ita ce shawara mafi hankali da aka taɓa bayarwa a unguwar nan, shi ya sa ba a yi ba.

To, a kan wannan katakon nake tsaye yau da safe, ƙafa ɗaya babu takalmi, kunnena a hannun Umma.

Ta ce, "An ce za a yi zaɓen ƙananan kujeru wata mai zuwa. An kuma ce an ga wasu suna zuwa wajenka da maganar sokewa."

"Mutum uku ne kawai, Umma. Kuma ban amsa ba."

"Ni da waccan matar, da muka je, nawa akawun ya ce mun zama?"

"Biyu."

"Ba babu ba?"

"Biyu, Umma."

"Na san tata ta cinye tawa. Tun kana ƙarami take cinye tawa ina cinye tata. Amma ita ba ta cinye ni ba, ni ma ban cinye ta ba, an ga kawunanmu. Mu biyu mun samo katako. Da kai da wancan tsohon mai askin kun yi taku biyar, da yanzu katako biyu ne, da na taka da ƙafata." Ta sake murɗa kunnen. "Kuɗin makarantar da na biya, ashe ɗebewa kaɗai ka tsaya ka koya. Ranar da aka yi tarawa kana ina?"

Na yi tunani. Ina jin ranar ce na tafi kallon masu haƙa rijiya.

Muka ƙarasa tsallakawa, na sauke ta. Ta tsaya tana gyara mayafi, ta dubi katakon, ta ce a hankali, ba da faɗa ba, "Bayanka ba zai dawwama ba, ɗan nan. Ni ma nauyi nake ƙarawa." Wannan ta fi murɗar kunnen zafi.

Don haka da muka dawo daga asibiti ban shiga gida ba, na wuce shagon mai aski da takalmi ɗaya. Na sanar cewa tsarin sokewa yana nan daram, kowa ya riƙe abokinsa, gyara ɗaya kawai aka yi: maimakon ka tsare shi a gida, za ka tasa ƙeyarsa har gaban akwati, ya soke ka a can, inda ake ƙirga kawuna. Mai faci ya ce wannan ai ba sabon tsari ba ne, abin da Umma da Gwaggo suke yi ke nan shekara ashirin. Na ce ai shi ya sa ake kiransa bincike.

Mai aski ya ce, "Ni fa gwiwata ta fara irin ta uwarka."

Na ce, "Baba, zan goya ka. Ka dangwala wa Bokitinka daga bayana in ka ga dama."

Saura matsala ɗaya. Mu ɗari shida da arba'in ne, katako kuwa mutum biyu yake ɗauka a lokaci guda, kuma in har da faɗa a tsakiya, kowane tsallake minti uku ne. Na buga lissafi na ga sai mun yi awa goma sha shida muna tsallakawa, wato sai mun kama layi tun ana gobe zaɓe. Kada ku damu, wannan karon na kai wa Umma ta duba lissafin kafin in faɗa wa kowa.

Wanda kuma yake zaune a gari, in ya ga takalmin hagu, baƙi, mai ɗinki a dunduniya, ya taimaka ya miƙa shi ofishin Mai Girma. Shi kaɗai ne zai zama ɗan unguwarmu da ya isa can ba tare da an ce masa ana taro ba.